Zarge da Takobi: Hukuncin Kisa da Matafiyan Kano zuwa Jidda

Zarge wani nau'in ƙulli ne da ake yi wa igiya ta yadda bakinta zai zama da'ira mai zamewa, wadda ke ƙara tsukewa gwargwadon yadda aka ja ta, kuma makiyaya da mafarauta sun daɗe suna aiki da shi, waɗancan wajen kama dabbar da ta ƙi tsayawa, waɗannan kuwa wajen ɗana tarko a kan hanyar tsuntsu ko zomo. Shigarsa harkar shari'a a ƙasar Hausa ba tsohon abu ba ne, domin a masarautu irin su Kano da Katsina da Zazzau hauni ne ke zartar da hukuncin kisa, kuma da takobi aka san shi, sai a zamanin mulkin Turawan Ingila rataya ta maye gurbin aikinsa, har ta zauna daram a cikin dokokin da Jihar Arewa ta fara aiki da su a 1960. Ingila da ta kawo wannan hanya ta yi ratayarta ta ƙarshe a watan Agustan 1964, ta kuma dakatar da hukuncin kisa kan laifin kisan kai a 1965, amma igiyar ta ci gaba da zama a littattafan dokar Nijeriya, ta yadda ko mutumin da wata kotun shari'ar Musulunci a Katsina ta yanke wa hukuncin kisa, rataye shi aka yi a gidan yarin Kaduna a watan Janairun 2002.

Duk da haka, hukuncin kisa a Nijeriya ya zama abin da alƙali ke furtawa amma ba a cika zartarwa ba, saboda gwamnoni, waɗanda doka ta ɗora wa nauyin sa hannu, sun fi son su bar takardar a kan tebur har wa'adin mulkinsu ya ƙare. Rabon da a rataye wani tun watan Disambar 2016, lokacin da aka kashe mutum uku a Benin ta Jihar Edo, alhali fiye da mutum 3,000 na zaman jiran hukuncin a gidajen yari. A Nijar kuwa rabon da a zartar da shi tun 1976. Game da miyagun ƙwayoyi, hukunci mafi tsanani a dokar Nijeriya shi ne ɗaurin rai da rai. Da wannan fahimta matafiyi ke hawa jirgi a Kano ya sauka a Jidda, inda lamarin ya sha bamban ƙwarai: Saudiyya ba ta rataya, da takobi take zartar da hukunci, wani lokaci kuma da harbi, kuma idan hukuncin ya tabbata to akan zartar da shi.

Jidda ta zama ƙofar Makka tun lokacin da Halifa Usman ɗan Affan ya mai da ita tashar jiragen ruwan birnin mai tsarki a wajajen shekara ta 26 bayan Hijira, kuma ta nan ne alhazan ƙasar Hausa da suka ratsa Chadi da Sudan a ƙafa, wasu cikin shekaru da dama, suke shiga Hijaz bayan sun ƙetare Bahar Maliya daga Suwakin ko Fot Sudan. Da yawa daga cikinsu ba su koma gida ba, kuma jikokinsu na nan a unguwanni irin su Karantina da Sabil, tare da waɗanda suka biyo baya suka zauna ba tare da igama ba, wato takardar izinin zama, waɗanda ake kira takari. Tun da aka fara zuwa ta jirgin sama, tafiyar ta koma ta 'yan sa'o'i, kuma ta haifar da sana'ar da ake kira Kano-Jidda, wadda mata suka fi yawa a cikinta, masu kai kayan abincin gida su sayo abaya da turare da gwal da dabino. Hanya ce mai yawan jama'a da yawan kaya, wadda kuma mutanen cikinta suka yarda da juna saboda ibada ta haɗa su, kuma waɗannan siffofi uku su ne suka ja hankalin masu safarar ƙwaya zuwa gare ta.

Fahimtar abin da ke jiran wanda aka kama ba ta yiwuwa sai an rarrabe nau'o'in hukunci uku da kotunan Saudiyya ke aiki da su. Haddi shi ne hukuncin da nassi ya ƙayyade, wanda ba alƙali ko sarki da zai ƙara masa ko ya rage. Kisasi shi ne ramuwa a kan kisa ko rauni, kuma haƙƙi ne na magada, waɗanda suna iya yafewa kyauta ko su karɓi diyya. Ta'aziri kuwa shi ne horon da aka bar wa shugaba da alƙali su ƙaddara gwargwadon maslahar jama'a. Safarar ƙwaya ba ta cikin haddi kuma ba ta cikin kisasi, ta'aziri ce, kuma wannan yana da sakamako mai nauyi da iyalai da yawa ba sa ganewa sai abin ya same su, domin babu magadan da za a je a roƙa, babu diyyar da dangi ko gwamnatin jiha ko wani attajiri zai tara ya biya, ƙofar da ta rage ita ce ɗaukaka ƙara da afuwar sarki. Malaman fiƙihu na farko sun yi saɓani a kan ko ta'aziri yana iya kaiwa ga kisa, wasu sun hana, wasu kuma, ciki har da Ibn Taimiyya da almajirinsa Ibn Ƙayyim, sun halatta shi ga mai ɓarnar da ba a iya tsayar da sharrinsa sai ta haka.

A kan wannan ra'ayi na biyu Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta dogara lokacin da ta fitar da ƙudurinta mai lamba 138 a shekarar 1407 ta Hijira, wadda ta yi daidai da 1987, inda ta ce hukuncin mai shigo da miyagun ƙwayoyi ƙasar shi ne kisa, saboda aikinsa ɓarna ce a bayan ƙasa da ke shafar al'umma baki ɗaya. Dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta 2005 ta tabbatar da hakan a sashe na 37, wanda ya haɗa da mai fasa-ƙwauri da mai karɓa daga hannunsa da dillalin da ya maimaita laifi, sai dai ta bai wa kotu damar sassautawa zuwa ɗaurin da bai gaza shekara 15 ba, haɗe da tarar da ba ta gaza riyal 100,000 ba. A ƙa'ida, hukuncin kisa yakan fito daga zaman alƙalai uku, ya wuce kotun ɗaukaka ƙara, sannan kotun ƙoli, kuma ba a zartar da shi sai da umarnin sarki, bayan haka ne Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ke sanar da sunan wanda aka kashe da ƙasarsa da laifinsa ta bakin kamfanin dillancin labarai na gwamnati. Adalci ne a faɗi cewa damuwar Saudiyya ba ta banza ba ce, domin ƙasar ta zama babbar kasuwar kaftagon, wata ƙwaya mai sa kuzari da aka riƙa sarrafawa da yawa a Siriya a shekarun yaƙi, kuma a watan Afrilun 2021 jami'an kwastan na tashar jiragen ruwan Jidda sun gano ƙwayoyi fiye da miliyan 5 a cikin 'ya'yan rumman da aka ɗebo daga Labanan, abin da ya sa aka hana shigo da kayan gona daga can.

Alƙaluman shekarun baya-bayan nan sun nuna yadda siyasar hukuncin ke sauyawa. Bayan an kashe mutum 184 a 2019, adadin ya sauka zuwa 27 a 2020, kuma a watan Janairun 2021 hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta gwamnatin ƙasar ta ce an dakatar da kisa kan laifukan ƙwaya. Dakatarwar ba ta shiga cikin rubutacciyar doka ba, don haka kotuna ba su daina yanke hukuncin ba, kuma a watan Nuwambar 2022 aka koma zartarwa ba tare da wata sanarwa ba. Ƙungiyar Amnesty International ta ƙirga mutum 345 da aka kashe a 2024, 122 daga cikinsu saboda ƙwaya, kuma a rahoton da ta fitar a watan Yulin 2025 ta ce daga Janairun 2014 zuwa Yunin 2025 an kashe mutum 597 kan wannan laifi, kimanin kashi uku cikin huɗu baƙi ne, waɗanda 'yan Pakistan suka fi yawa a cikinsu da mutum 155, 'yan Nijeriya kuma 32. Duk wanda ya dubi jerin ƙasashen, Pakistan da Siriya da Yaman da Masar da Nijeriya da Somaliya da Habasha, zai ga cewa ƙasashe ne da talauci ko yaƙi ke koro mutanensu neman abinci, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa a tambayi matsayin waɗanda ake kashewa a cikin cinikin da aka kama su a kansa.

Waɗanda ake kamawa a filin jirgin Jidda ba iri ɗaya ba ne, kuma haɗa su a jaka guda shi ne kuskuren da ya fi yawa a maganar jama'a. Akwai wanda ya san abin da ya ɗauka, wanda aka biya masa kuɗin biza da tikiti da masauki a kan ya haɗiye ƙulle-ƙullen hodar iblis ko ya ɓoye su a ƙasan jaka, kuma hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Nijeriya, NDLEA, ta sha kama irin waɗannan a filayen jiragen Kano da Legas da Abuja kafin su tashi, wasunsu da sunan zuwa aikin Hajji ko Umara. Akwai wanda aka yaudara, aka ba shi saƙon garin kuka ko kilishi ko takalma ya kai wa wani, bai san an cusa wani abu a ciki ba. Akwai kuma na uku, wanda ko ganin jakar bai taɓa yi ba, kuma a nan ne al'amarin ya fi ban tsoro. Matafiyi yakan miƙa fasfo da tikiti a teburin awon kaya, a ɗora jakarsa a sikeli, ma'aikaci ya buga doguwar takarda mai ɗauke da lamba da sunansa ya naɗa a hannun jakar, ya liƙa masa ƙaramin rabinta a bayan tikiti, shi kuma ya wuce ɗakin jira. Idan an yarje masa jaka biyu amma ya zo da ɗaya, gurbin ta biyun na nan a buɗe a cikin kwamfuta, kuma ma'aikacin da aka saya yana iya buga wata takardar da sunan mutumin ya ɗaura wa jakar da ba tasa ba, ya riƙe ƙaramin rabin ya aika wa wanda zai ɗauka a can. Idan jakar ta wuce lafiya, mai sunan ba zai taɓa sanin an yi amfani da shi ba. Idan aka kama ta, sunansa ne kaɗai ke jikinta. Lamarin kamar na mai ɗana zarge ne a bakin gona, wanda ke gida a zaune sa'ad da igiyar ke tsukewa a wuyan abin da ya biyo hanya.

Wannan ba zato ba ne, ya faru kuma an tabbatar da shi. A ƙarshen Disambar 2018 wata ɗalibar Jami'ar Maitama Sule ta Kano ta tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano tare da mahaifiyarta da 'yar'uwarta zuwa Umara, sai jami'an Saudiyya suka kama ta a masaukinta a Madina saboda wata jaka mai ɗauke da tiramadol da aka samu da sunanta. Ƙorafin da mahaifinta ya kai ne ya sa NDLEA ta yi bincike, ta gano gungun ma'aikata a filin jirgin da ke wannan aiki, ta gurfanar da su a Babbar Kotun Tarayya ta Kano, sannan Shugaba Muhammadu Buhari ya umarci ministan shari'a Abubakar Malami ya shiga maganar, aka sake ta ranar 30 ga Afrilun 2019 bayan wata huɗu a tsare. A ranar farko ta wannan watan ne aka kashe wata 'yar Nijeriya a Makka kan safarar ƙwaya, abin da ya sa tsoro ya game gari. Shekara shida bayan haka abin ya maimaitu kusan ba sauyi: wasu mutum uku, mata biyu da namiji ɗaya, da suka tashi daga Kano ranar 6 ga Agustan 2025 ta Addis Ababa zuwa Jidda, an tsare su saboda jakunkunan da aka yi wa rajista da sunayensu, NDLEA ta kama wanda ta ce shi ne jagoran gungun tare da wasu ma'aikatan ɗaukar kaya, kuma aka sake su a watan Satumba bayan shugaban hukumar, Janar Buba Marwa mai ritaya, ya gabatar wa takwarorinsa na Saudiyya sakamakon binciken. Maimaituwar abin a fili ɗaya, ta hanya ɗaya, shaida ce cewa gyaran da aka yi alkawari bayan lamarin farko bai kai ga tushen matsalar ba.

Abin da ya kuɓutar da waɗannan mutane ya cancanci a tsaya a kansa, domin ba rashin laifinsu kaɗai ne ya fitar da su ba. Sun sami dangi masu ilimi da suka san ofishin da za su je, da 'yan jarida da suka ɗauki maganar, da jama'a da suka yayata ta a Facebook da Twitter har ta isa fadar shugaban ƙasa. Tsohuwar da ta fito daga wani ƙauyen Jigawa ko Maraɗi, wadda ejan ya cike mata takardu, ya karɓi fasfonta, ya yi mata awon kaya tana zaune a gefe, ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma danginta za su iya shafe watanni suna zaton ta tsaya takari ne ko tana gidan tarhil na Shumaisi, wato wurin da ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu. Al'adar ɗaukar saƙo kuwa, wadda ke cikin kyawawan ɗabi'un Bahaushe, ta zama rauni a wannan hanya, saboda ƙin karɓar ƙunshin da maƙwabci ko dattijuwa ta miƙo a bakin mota ana ɗaukarsa rowa da girman kai, buɗe shi a gaban mai shi kuma ana ɗaukarsa zargi. Haka nan akwai bambancin doka a kan abubuwan da ake ɗauka da wasa a gida: hukumar alhazai ta NAHCON tana gargaɗi kowace shekara a kan ɗaukar goro, wanda Saudiyya ta hana shiga da shi, tiramadol kuma, da wasu ke saye a kemis don ciwon jiki, a can yana cikin magungunan da ba a riƙe su sai da takardar likita.

A gaban kotu, matsalar farko ita ce harshe. Shari'ar da Larabci ake yin ta, takardar amsa laifi da Larabci ake rubuta ta, kuma Larabcin da Bahaushe ya koya a makarantar allo ko a kasuwar Bab Makka ba ya isa ya fahimtar da shi abin da yake dangwala wa yatsa. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun tattara bayanan baƙin da suka ce an yi musu shari'a ba lauya ba tafinta, ko an matsa musu suka amsa laifi, ko iyalansu ba su ji labarin kisan ba sai a kafafen watsa labarai, zarge-zargen da hukumomin Saudiyya ke musantawa suna cewa kowane hukunci sai ya bi dukkan matakan ɗaukaka ƙara. Yarjejeniyar Biyena ta 1963 kan hulɗar ƙananan ofisoshin jakadanci, a sashe na 36, ta bai wa baƙon da aka kama haƙƙin a sanar da jakadancin ƙasarsa idan ya nema, kuma Nijeriya tana da ƙaramin ofishin jakadanci a Jidda ban da babban ofishinta na Riyad, amma haƙƙin da mutum bai san yana da shi ba ba zai nema ba. A nan ne hujja mafi ƙarfi take, kuma daga cikin shari'ar Musulunci take fitowa, ba daga wajenta ba: malamai sun haɗu a kan cewa shubuha, wato kokwanto mai tushe, tana tunkuɗe haddi, kuma kuskuren shugaba wajen afuwa ya fi sauƙi a kan kuskurensa wajen uƙuba. Idan haka ne a hukuncin da nassi ya yanke, to hukuncin da ijtihadin mutane ya samar ya fi cancantar wannan taka-tsantsan, kuma bayan abin da aka gano a Kano a 2019 da 2025, samun suna a jikin jaka bai kai matsayin hujjar da za a zubar da jini a kanta ba sai an ga wanda ya miƙa ta da hannunsa.

Masu goyon bayan tsananin sukan ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, kuma tsoron takobi shi ke hana wasu shiga. Nijeriya da kanta ta gwada wannan hanya, lokacin da gwamnatin soja ta Janar Buhari ta kafa Doka ta 20 a 1984, aka harbe mutum uku a Kirikiri ta Legas ranar 10 ga Afrilun 1985 a kan safarar ƙwaya, aƙalla ɗayansu kan laifin da ya aikata kafin dokar ta fito, amma safarar ba ta tsaya ba, gwamnatin Babangida ta janye hukuncin, kuma a 1989 sai da aka kafa NDLEA domin cinikin ya ƙara bunƙasa. Singafo ta rataye wani matashin Nijeriya ɗan shekara 21 a watan Janairun 2007 duk da roƙon Shugaba Obasanjo, Indunusiya ta harbe wasu a 2015 da 2016, kuma 'yan dako ba su ƙare ba, domin mai dukiyar ya riga ya sa asarar mutum ɗaya ko biyu a cikin lissafinsa. Iran, wadda ta fi kowa rataya kan ƙwaya, ta gyara dokarta a 2017 ta ɗaga yawan abin da ke jawo kisa, Malesiya kuma ta soke wajabcin hukuncin a 2023 ta bar wa alƙali zaɓi. Duk da wannan tarihi, Majalisar Dattawan Nijeriya ta amince a watan Mayun 2024 da a mayar da kisa kan safarar ƙwaya, matsayin da Majalisar Wakilai ba ta bi ta a kai ba.

Saudiyya ƙasa ce mai cin gashin kanta, ba ta cikin yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 da ta taƙaita kisa ga laifuka mafiya muni, kuma ba Nijeriya ko Nijar ce za ta sauya mata doka ba. Abin da ke hannun ƙasashen biyu shi ne wannan gefen na tafiyar. Kyamarar da ke ɗaukar kowane teburin awon kaya a ajiye hotunanta har matafiya su dawo, da dokar da za ta tilasta a nuna wa fasinja adadin jakunkunan da aka rubuta masa ya sa hannu kafin ya wuce, da hana ejan yin awo a madadin mutumin da ba ya tsaye a wurin, abubuwa ne da kuɗinsu bai kai na kujerun Hajjin da gwamnatoci ke rabawa kyauta ba. Yarjejeniyar da NDLEA ta sa wa hannu da hukumar yaƙi da ƙwayoyi ta Saudiyya a Riyad a watan Afrilun 2025 ta buɗe hanyar musayar bayanai, kuma amfaninta ga matafiyi zai dogara ne a kan ko za a riƙa binciken asalin kowace jaka da aka kama tun ranar farko, ba sai dangi sun yi kuka ba, da kuma ko ofishin Jidda zai sami lauyoyi da tafintocin Hausa da Larabci na dindindin waɗanda za su isa wurin wanda aka tsare kafin a miƙa masa takardar farko ya sa hannu.